Neman Asali Cikin Tsofaffin Littattafai: Darasi Daga Ƙasar Ailan Zuwa Bompai, Sharaɗa Da Challawa

GABATARWA

Godiya da yabo su tabbata ga Allah Uba Maɗaukaki, wanda cikin alherinsa ya raya mu har muka ga cikar wannan ikilisiya tamu shekara 50 da kafuwa. 'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Almasihu, a sauran shafukan wannan littafi na tunawa za ku ga hotunan gini, da jerin firistoci da su Katikis da suka yi mana hidima, da gaisuwar ƙungiyoyi. A wannan shafi kuwa muna so mu jawo hankalinku zuwa ga wata dukiya da ba a ganinta ran Lahadi, domin tana kulle a ofishin Fada. Wannan dukiya ita ce littattafan baftisma, da na aure, da na mutuwa.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Yawancin waɗanda suka fara buɗe irin waɗannan littattafai a ƙasar Kano mutanen Ailan ne. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, su kansu mutanen Ailan sun taɓa yin asarar takardun tarihinsu a rana ɗaya, kuma littattafan coci irin namu ne suka zama madogarar jikokinsu wajen neman asali har yau. Labarinsu ya shafe mu, domin mu ma jama'a ce da ta baro ƙauyuka daban-daban ta taru a inuwar masana'antu, yanzu kuma 'ya'yanmu suna watsuwa cikin duniya.

YADDA MUKA HAƊU DA MUTANEN AILAN

An kafa ƙungiyar firistoci ta SMA a birnin Lyon na ƙasar Faransa a 1856, aka kuma kafa reshenta na Ailan a 1912, da hedkwata a birnin Cork. Firistocin SMA ne suka buɗe tashar Mishan ta Katolika a Shendam a 1907. Da tafiya ta yi nisa, aikin Arewa ya koma hannun 'yan Ailan. A 1934 aka raba yankin Arewa gida biyu, wato Kaduna da Jos, Kano ta faɗa ƙarƙashin Kaduna. Kaduna ta zama dayosis a 1953, ta kuma zama babbar dayosis a 1959 a ƙarƙashin Babban Bishop John McCarthy, mutumin Ailan, wanda Babban Bishop Peter Jatau ya gada a 1975.

Sai a 1991 Kano ta sami cin gashin kanta a matsayin yankin Mishan, a hannun Fada John Brown na SMA. A 1996 aka kawo Bishop Patrick Sheehan, shi ma ɗan Ailan, daga Yola, a zamaninsa ne kuma Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999. Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. Ta fannin mata kuwa, Sistocin St. Louis sun taso daga garin Monaghan na Ailan suka sauka Kano a 1948, makarantarsu ta 'yan mata da ke Bompai ta yaye mata masu yawa, Kirista da Musulmi. Ko 'yan'uwanmu na wasu ɗariku suna da tasu alaƙar: Lucy, matar Dokta Karl Kumm wanda ya kafa Mishan na SUM a 1904, 'yar gidan Guinness ce, zuriyar da tushenta ke Ailan.

Waɗannan bayin Allah sun zo da wata ɗabi'a da ba su wasa da ita. Duk wanda aka yi wa baftisma, ko jariri ne ko tsoho, sai an rubuta sunansa, da sunan ubansa da na uwarsa, da garinsu, da ranar haihuwa in an sani, da sunan uba ko uwar baftisma, sa'an nan firist ya sa hannu. Ba su suka ƙago wannan ba. Babban Taron Trent ne ya wajabta wa kowace ikilisiya ajiye littafin baftisma da na aure tun 1563, dokar Ikilisiya ta yanzu ma tana nan a kan haka, har ta ce in mutum ya yi aure a ko'ina a duniya, a aika da labari a rubuta a gefen sunansa a littafin da aka yi masa baftisma.

SU WANE NE SUKA CIKA LITTATTAFANMU

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da ciniki da aikin reluwe suka kawo. Masu bi na farko a birnin nan yawancinsu daga Kudu suke. Amma labarin ikilisiyoyi irin tamu, masu sujada da harshen Hausa a gefen gari, yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da labarin masana'antu.

Bompai ce unguwar masana'antu ta farko, ta bunƙasa tun kafin samun 'yancin kai da kuma bayansa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo da shekarun arzikin man fetur da suka biyo baya, aka yanka Sharaɗa kashi-kashi har uku, aka kuma buɗe Challawa a wajen Panshekara, kusa da kogi. Aka kafa masaƙu, da kamfanonin jima, da na man gyaɗa, da na alewa, da na roba, da na kwanuka, da na lemon kwalba. Fari na 1973 ya ƙara koro mutane daga gonaki. Samari suka riƙa zuwa daga ƙasashen Sumaila, da Rano, da Tudun Wada, da Rogo, da Ƙaraye, da Malumfashi, da Kafur, wasu daga Kudancin Zariya, da Filato, da Bauchi, da Adamawa. Wani ya zo cin rani da niyyar komawa da faɗuwar ruwa, sai ya sami aikin gadi ko na leburanci, ya kama ɗakin haya a Brigade, ko Dakata, ko Ja'en, ko Panshekara, daga baya ya je gida ya ɗauko matarsa.

Waɗannan su ne iyayen da suka tara kwabo da sule suka kafa wurin sujada, suna fitowa daga aikin dare su wuce Misa ba tare da sun runtsa ba. Yawancinsu ba su bar wasiƙa ko hoto ba. Daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, ga tsadar kayan gyara, ga rashin wutar lantarki, ga atamfofin waje masu araha, masana'antu da yawa suka rage ma'aikata, wasu suka rufe ƙofa, wasu aka mai da su ɗakunan ajiyar kaya. Kamfanin da ya rufe kuwa, fayil ɗin ma'aikatansa ba safai ake sake jin ɗuriyarsa ba. Saboda haka akwai dattawa da yawa da suka yi shekara 20 ko 30 suna aiki a Bompai ko Sharaɗa, waɗanda a yau babu inda sunansu yake a rubuce tare da na iyayensu da ƙauyensu, in ba a littafin coci ba.

YUNWA DA GOBARA A ƘASAR AILAN

Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila. A ƙidayar 1841 mutanenta sun haura miliyan 8, talakawa kuwa da dankalin Turawa suka dogara kamar yadda muka dogara da gero da dawa. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta lalata dankali, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu kimanin miliyan 1 suka shiga jiragen ruwa zuwa Amurka, da Kanada, da Ingila, da Ostareliya. Ƙaura ba ta tsaya ba bayan yunwar, har ya zama a ƙidayar 1911 mutanen tsibirin ba su kai miliyan 4 da rabi ba. A yau Amurkawa fiye da miliyan 30 suna cewa suna da jinin Ailan. Shi ya sa neman asali ya zama babban al'amari gare su, musamman da yake dokar ƙasar ta ba wanda kakansa haifaffen Ailan ne damar neman zama ɗan ƙasa, muddin ya kawo takardun shaida.

Gwamnati ta tara muhimman takardun ƙasar a wani babban gidan ajiya da ke harabar manyan kotuna na birnin Dublin, wurin da ake kira Four Courts. A ciki akwai takardun ƙidaya, da wasiyyoyi, da shari'u, da takardun filaye na kimanin shekara 700. Ran 30 ga Yuni, 1922, a farkon yaƙin basasar ƙasar, wurin ya fashe ya kama da wuta. Iska ta riƙa yawo da ƙonannun takardu a sararin birnin. Takardun ƙidayar 1821, da 1831, da 1841, da 1851 suka ƙone, sai 'yan gutsattsari. Na 1861 zuwa 1891 kuwa, da ma gwamnati da kanta ta riga ta lalata su. Abin da ya rage cikakke daga wancan zamani shi ne ƙidayar 1901 da ta 1911, domin suna ajiye a wani ofishi dabam.

Akwai wani abu a nan da ya kamata shugabannin ikilisiya su lura da shi. Doka ta umarci cocin Angilika na Ailan su kai tsofaffin littattafansu wannan gidan ajiya, sai dai cocin da ya nuna yana da amintaccen wurin ajiya na kansa. Littattafan ikilisiyoyi kimanin 1,000 da aka kai can suka ƙone ƙurmus. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka riƙe a gida, da waɗanda wani fasto mai hangen nesa ya kwafe kafin ya miƙa. Ba mugunta ce ta sa aka tara su wuri ɗaya ba, neman tsaro ne. Kuskuren shi ne kwafi ɗaya tak ake da shi.

ABIN DA YA CECE SU

Littattafan Katolika ba su shiga wannan gobara ba, domin gwamnati ba ta ɗauke su a matsayin takardunta ba, suna nan warwatse a gidajen firistoci. Suna da nasu rauni. Saboda dokokin takura wa Katolika da aka daɗe ana yi a ƙasar, ikilisiyoyin karkara da yawa, musamman na yamma, ba su fara rubutu sosai ba sai cikin ƙarni na 19. Duk da haka, da yake gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta kowa da kowa ba sai 1864, littafin baftisma ne kaɗai shaidar cewa miliyoyin talakawa sun taɓa rayuwa. A shekarun 1950 da 1960 Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Ailan ya bi ikilisiyoyi yana ɗaukar hoton shafukan, a watan Yuli na 2015 kuma ya sa hotunan littattafan ikilisiyoyi fiye da 1,000 a intanet kyauta, waɗanda suka kai har wajen 1880.

Abu na biyu da ya taimake su shi ne takardun haraji. Tsakanin 1847 da 1864 wani jami'i mai suna Richard Griffith ya jagoranci kimanta kowace gona da kowane gida a ƙasar, aka buga sunan mai zaune a ciki da na mai ƙasar. Don karɓar haraji aka yi aikin, amma yau shi ne ke nuna wa mutum ainihin gonar da kakansa ya noma. A 2022 kuma, shekara 100 cif bayan gobarar, masana suka buɗe wani gidan ajiya a intanet, inda suka tattara kwafe-kwafen takardun da suka ƙone daga ɗakunan ajiya na ƙasashe dabam-dabam.

Misali ɗaya ya isa ya nuna ƙarfin littafin coci. A 2007 aka gano cewa kakan kakan mahaifiyar Barack Obama, wani saurayi mai suna Falmouth Kearney, ɗan mai ɗinkin takalma, ya bar ƙauyen Moneygall zuwa Amurka a 1850. Wani limamin Angilika, Canon Stephen Neill, shi ne ya tabbatar da zancen daga tsofaffin littattafan ikilisiyarsa, waɗanda ba a kai Dublin ba. Ran 23 ga Mayu, 2011, Obama yana shugaban Amurka ya taka har wannan ƙauye. Wanda ya rubuta sunan iyalin mai ɗinkin takalma a wancan zamani bai san abin da zai biyo baya ba, aikinsa kawai ya yi da aminci.

WAHALARSU IRIN TAMU CE

Duk mai neman asali a Ailan yana cin karo da matsaloli uku, kowaccensu kuwa muna da irinta.

Ta farko ita ce suna. Firistocinsu sukan rubuta da Latin, sai James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus, sunan dangi ɗaya kuma a rubuta shi iri uku ko huɗu. Haka yake a wurinmu. Mutum ɗaya yana iya zama Paul a littafin Fada, Bulus a bakin jama'ar coci, Ɗanladi a gidansu, a katin kamfani kuma a haɗa sunansa da na garinsu. Fada Bature yakan rubuta sunan ƙauye yadda kunnensa ya ji. Ga kuma alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta kama sunan mijinta, sai a ba da laƙabi a rubuta. Bugu da ƙari, mu ba mu saba da sunan dangi mai ɗorewa ba, kowa da sunan ubansa yake amsawa, saboda haka suna yakan canja a kowane tsara. Wanda bai san sunan kakansa na yanka da laƙabinsa duka ba, zai iya wuce shi a shafi bai gane ba.

Ta biyu ita ce shekaru. A 1908 aka yi dokar fansho ta tsofaffi a Birtaniya da Ailan, wadda ta ba mai shekara 70 har sule 5 a mako. Da aka zo ƙidayar 1911, sai aka tarar mutane da yawa sun ƙaru da fiye da shekara 10 a kan abin da suka faɗa a 1901. Da yake tsofaffin ba su da takardar haihuwa, sai hukuma ta riƙa duba sunayensu a ƙidayar 1841 da 1851, takardun wannan bincike kuwa sun tsira, sun adana wani ɓangare na abin da wuta ta ci. Mu ma mun san yadda takardar rantsuwar shekaru ta kotu take: wani ya rage don neman aiki, wani ya ƙara. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk Nijeriya ta 1992 ce. Don haka ranar baftismar jariri ta fi takardar kotu kusa da gaskiya.

Inda babu takarda, sunayenmu da manyan abubuwan da suka faru suna taimako. Ladi da Ɗanladi, Talatu, Laraba da Balarabe, Lami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe, duk suna faɗin ranar haihuwa. Marka da Anaruwa suna nuna damina, Nomau lokacin noma, Gambo mai bin tagwaye, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza. A tambayi tsoho abin da ya tarar: zuwan Turawa Kano a 1903, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, saukar jirgin sama na farko a 1925, zamanin Sarki Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, zuwan Sarauniya a 1956, naɗin Sarki Ado Bayero a 1963, canjin hannu na tuƙi a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, rasuwar Janar Murtala a 1976, ko zuwan Paparoma John Paul na Biyu Kaduna a 1982. Da irin wannan ake kusantar shekarar haihuwa ko ta aure.

Ta uku ita ce wuri. Ƙasar Ailan ta kasu cikin ƙananan yankuna fiye da 60,000, kowanne da sunansa, wanda kuwa bai san nasa ba, sanin sunan lardi kaɗai ba ya kai shi ko'ina. Haka yaron da aka haifa a Dakata, in abin da ya sani kawai shi ne su mutanen Kano ne ko mutanen Katsina, bai san kome ba tukuna. Sai ya san gunduma, da ƙauye, da unguwa, da sunan gidan, da dagacin da kakansa ya biya wa haraji.

INDA ZA A NEMA

A fara da tsofaffin gida, tun suna da rai, a fi kuma ba iyaye mata lokaci, domin su ne suka fi riƙe lissafin haihuwa da aure da dangantaka. Bayan haka a buɗe adaka da akwati: katin baftisma, takardar aure, katin asibiti, katin shaidar aiki na kamfani, takardar sallama, shaidar gama firamare, da abin da aka rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki na gida. Tsohon rasit na haraji ma shaida ne, domin yana ɗauke da suna da ƙauye da shekara, an kuwa riƙa bayar da shi har 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Daga nan sai ofishin ikilisiya. A tuna cewa ƙaramin coci ba ya ajiye littafin kansa sai ya zama cikakkiyar ikilisiya, saboda haka baftismar shekarun farko tana littafin uwar ikilisiyar da firist yake fitowa. Ga mutanen birni, wannan yakan kai mu Sabon Gari, inda babban cocin Our Lady of Fatima yake. Waɗanda suka fito daga wajen Malumfashi su sani yankinsu yana ƙarƙashin Sakkwato ne har 2023, lokacin da aka kafa Dayosis na Katsina aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa. An kafa Dayosis na Kafanchan a 1995, Zariya kuma ta fita daga Kaduna a 2000. Wanda iyayensa suka fara bi a wata ɗarika, ya nemi littattafan can: Angilika a Wusasa, inda Mishan na CMS ya koma daga birnin Zariya a 1929, ko ECWA a tsofaffin tashoshin SIM. Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, masu bayanin ƙauyuka da dangogin da ke cikinsu. A Cork kuma, SMA tana da ɗakin ajiyar wasiƙu da rahotannin firistocinta da suka yi aiki a nan.

ME YA SA ZA MU DAMU

Wani zai ce, tun da mun zama sabuwar halitta cikin Almasihu, ina amfanin tonon asali? Gaskiya ne Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan gardamar asali marar iyaka, Yohanna Mai Baftisma kuma ya tsawata wa masu taƙama da cewa su zuriyar Ibrahim ne. Neman asali don fahariya ko raina wani zunubi ne. Amma Bisharar Matiyu da jerin kakanni ta fara, ba ta kuwa ɓoye Rahab da Rut ba, waɗanda baƙi ne a Isra'ila. A Littafin Ezra sura 2 an ba da labarin waɗansu iyalan firistoci da suka komo daga bauta a Babila, suka nemi sunayensu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist. Rashin rubutu ya jawo wa 'ya'ya asarar gādon iyayensu.

Irin wannan asara tana faruwa a zamaninmu. Yaranmu suna bukatar takardar shaidar ƙaramar hukuma kafin su sami gurbin karatu, ko tallafi, ko aikin gwamnati, ko shiga soja, wanda kuwa bai san mai unguwar ƙauyensu ba yakan sha wuya. Gonakin gādo suna salwanta domin magada ba su san iyaka ba, ba a kuma san su ba. Mai shirin aure ko shiga makarantar firistoci sai ya kawo shaidar baftisma. Ga mu Hausawa masu bi kuma akwai wani dalili na musamman. Sau da yawa akan ɗauka cewa Kirista a ƙasar Kano baƙo ne. Amsar wannan ba faɗa ba ce, ba kuma ɗaga murya ba. Amsar ita ce mutum ya iya lissafa kakanninsa, da gonarsu, da tsagar gidansu, cikin natsuwa. Wanda ya bi sawun danginsa zai tarar da Musulmi a ciki, da masu bin al'adar gargajiya, watakila har da bawa ko baƙon da aka riƙa. A rubuta kowa yadda yake, gama jini ɗaya ne, sanin haka kuwa yana ƙarfafa zumunci da zaman lafiya da maƙwabta.

KAMMALAWA DA ROƘO

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu mazauna Kano ba sai an ba mu labarin wuta ba. Mun ga tarzomar 1982, da ta 1991, da ta 2004, inda aka ƙone wuraren sujada da gidaje, mun kuma ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016. Ko babu wuta, akwai gara, da ɗigar rufi, da ƙurar hunturu, da tawadar da ke dushewa. Saboda haka muna miƙa waɗannan roƙe-roƙe ga Fada, da majalisar ikilisiya, da dukan jama'a.

Na ɗaya, a ɗauki hoton kowane shafi na littattafanmu, a ajiye kwafi a ofishin Bishop, wani kuma a wani gari dabam, ainihin littattafan a sa su cikin akwatin ƙarfe nesa da ƙasa. A kiyaye sirrin mutane, kada a watsa shafukan a wayoyi, mai neman bayanin gidansu ya bi ta hannun Fada.

Na biyu, kowane mai gida ya sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi kafin ƙarshen wannan shekara ta Jubili, ya rubuta sunansa duka, da na matarsa, da na iyaye da kakanni ta wajen uba da ta wajen uwa, da ƙauyukansu, da shekarar da ya zo Kano, da kamfanin da ya yi wa aiki, da wanda ya fara karɓar bishara a gidansu, da inda aka binne waɗanda suka riga mu.

Na uku, ƙungiyar matasa da Zumuntar Mata su raba kansu su ziyarci dattawan da suka ga kafuwar wannan ikilisiya, har da waɗanda suka koma ƙauye bayan rufe masana'antu, a ɗauki muryarsu, a kuma rubuta abin da suka faɗa.

Na huɗu, duk mai kawo yaro baftisma ya ba da cikakken suna da ainihin sunan ƙauye, Katikis kuma ya karanta masa abin da aka rubuta kafin a rufe littafi.

Ubangijinmu Yesu ya koya wa almajiransa cewa babban abin murna shi ne a sami sunan mutum a rubuce a sama, wannan littafi kuwa wuta ba ta cinsa. Amma littattafan da ke ƙasa amana ce a hannunmu. Allah ya jiƙan firistoci da Sistoci da suka baro Ailan suka yi hidima a cikinmu, ya jiƙan iyayenmu ma'aikatan Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka kafa wannan wuri da guminsu. Allah ya sa waɗanda za su yi bikin shekara 100 su buɗe littafi su tarar da sunayenmu. Amin.